Yadda Ake Ɗaura Robar Tare Laka a Bayan Tayoyin A-kori-kura

Wanda ya taɓa bin bayan Hilux a hanyar burji da damina ya san amfanin robar nan da ke reto a bayan taya. In babu ita, duk abin da taya ta kwaso, laka ce ko tsakuwa, sai ta yi ta watsi da shi. Ƙasan ƙofa ya samu, gefen bodi ya samu, gilashin motar da ke biye ya samu, ɗan acaɓan da tsautsayi ya sa a bayanka kuwa sai ya koma gida ya sake wanka. Tsakuwar ce ke cinye fentin ƙasan ƙofa a hankali, laka ta zo ta liƙe a wurin da danshinta, shi ke nan tsatsa ta samu masauki.

Na ɗaura wannan roba a motoci da dama, yawancinsu Hilux, sai L200 da tsofaffin Nissan. Ɗaure noti ba shi ne wuyar aikin ba. Yawancin robobin da ke tsinkewa a hanya ba rashin ƙarko ne ke cire su ba. An yi awo ne mota tana tsaye babu kaya, aka manta za ta ɗauki lodi, za ta karya kwana, za ta yi ribas. Shi ya sa za ka ga na daɗe a kan awo, wasu wuraren kuma na wuce da sauri.

Kayan da za ka tanada

Robobin su huɗu, biyu na gaba biyu na baya.
Sukudireba mai bakin tauraro, wadda ake ce wa sita, doguwa da guntuwa. Guntuwar ta fi muhimmanci, don tsakanin taya da bodi babu fili.
Sukudireba mai faffaɗan baki, ta ɓalle kilif, wato 'yar ƙusar roba da ke riƙe robobin jikin mota.
Sufana lamba 10 guda biyu, ko sufana ɗaya da bos ɗaya, wato sufanar da ke rufe kan noti gaba ɗaya. Kusan duk ƙananan notocin bodin motocin Japan lamba 10 ne.
Filaya, tef na awo, alli ko maka, da wuƙa mai kaifi.
Notoci masu kaurin milimita 6 da woshoshi masu faɗi. In ka samu waɗanda ba sa tsatsa, ka ƙara kuɗi ka saye su.
Kilif na roba kamar shida ko takwas, na ko-ta-kwana.
Giris kaɗan ko ragowar fenti.
Jak, sufanar taya, weji, da kututturen katako mai ƙarfi, in har za ka cire taya.
Injin huda da bakinsa na milimita 3 da na 6.5, in motar ba ta zo da ramuka ba.
Bokitin ruwa da burushi.

In ramukan kamfani suna nan, awa ɗaya ta isa. In sai ka yi huda, ka ware rabin yini, kada ka fara bayan la'asar.

1. Sayen robar da ta dace

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda aka zuba daidai da siffar motar, mai ɗan tauri da lanƙwasa, tana zuwa da ramukanta. Akwai kuma shimfiɗaɗɗiya, falle ɗaya, wadda ake ɗaura wa kowace mota. Ta farko ta fi kyan gani da sauƙin ɗaurawa. Ta biyu ta fi jure wahala, domin in ta daki dutse lanƙwashewa take yi ta dawo, ba ta fashewa. Motar da ke yawo cikin gari, ta farko. Motar gona da kasuwannin ƙauye, ni dai ta biyu nake sa wa.

In ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, kada ka tsaya a cewa "ta Hilux". Hilux ɗin da aka yi daga wajen 2005 zuwa 2015 bodinta daban yake da wadda ta biyo bayanta. Kuma ko a shekara ɗaya, motar da ke da baƙar robar ado a bakin taya ramukanta ba ɗaya ba ne da na wadda ba ta da ita. Mafi sauƙi ka je da motar, ko ka tafi da tsohuwar robar ko da ta yage, ko ka ɗauki hoton wurin da wayarka.

Ka duba bayan kowace roba tun a shago. Za ka ga LH ko RH. LH hagu ce, RH dama, kuma hagu da dama na wanda ke zaune a kujerar direba ne yana kallon gaba, ba na wanda ya tsaya a gaban mota yana kallonta ba. An sha miƙo mini leda da hagu biyu a ciki. Sannan ka duba faɗi. Lambar farko da ke jikin taya faɗinta ne da milimita: in ka ga 265/65 R17, faɗin tayar santimita 26 da rabi ke nan. Robar da ba ta rufe wannan faɗin ba, ado ce kawai.

2. Aje mota da wanke wurin

Ka samu wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri. In ƙasa ta karkace, awonka ma zai karkace. Ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa weji. Sannan ka wanke cikin rumfar taya da ruwa da burushi har sai ka ga kan sukurori da kilif. Mutane na tsallake wannan, sai su ɗaure roba a kan busasshiyar laka. Ruwan farko ya wanke lakar, noti ya saki, roba ta fara kaɗawa.

3. Buɗe gaba

Gaba ba ya bukatar cire taya. In hagu za ka fara, ka karya sitiyari har ƙarshe ta ɓangaren da bayan tayar zai shige ciki ya ba ka fili. Ka gwada ɓangarorin biyu, idonka zai nuna maka wanda ya fi.

A gefen bodin da ke bayan tayar za ka ga sukurori biyu ko uku, wani lokaci da kilif ɗaya daga ƙasa, suna riƙe da baƙar robar da ta lulluɓe cikin rumfar. Su ne za su riƙe sabuwar robar. Kilif ba a fizgarsa. Ka sa bakin sukudireba ka ɗaga ɗan ƙusan da ke tsakiyarsa tukuna, sai jikin ya fito da kansa. Wanda rana ta gasa shekara da shekaru zai farfashe a hannunka ko ka bi shi a hankali, abin da ya sa na ce ka sayo na ko-ta-kwana ke nan.

In sukuru ya ƙi motsi, kada ka yi ta murza har kansa ya cinye. Ka fesa masa man sassauta tsatsa, ko ka ɗiga kalanzir, ka bar shi minti goma, ka ɗan bubbuga ƙotar sukudireba, sannan ka danna da ƙarfi kana juyawa. Wasu a gareji man birki suke zubawa. Yana aiki, amma yana cin fenti, kuma nan kusa da fentin da kake son karewa ne.

4. Gwaji kafin komai

Nan aikin yake. Ka kara robar a wurinta, ka sa sukuru ɗaya na sama ba tare da ka ɗaure ba, don ta iya juyawa. Ka koma bayan mota ka tsuguna, ka kalle ta daga nesa kaɗan. Abu uku kake dubawa.

Na ɗaya, gefenta na waje ya yi daidai da gefen taya, ko ya ɗan wuce da kaurin yatsa. In ta shige ciki, laka za ta bi ta gefe ta sami ƙofa kamar ba ka sa komai ba.

Na biyu, bakinta na ƙasa ya miƙe daidai da ƙasa. Ka auna kusurwa biyun da tef. Bodin mota a wurin a karkace yake, in ka bi layinsa roba za ta fito a gicciye kamar hular ɗan gayu.

Na uku, kuma shi aka fi mantawa: ka sa wani ya juya sitiyari daga wannan ƙarshe zuwa wancan kana kallo. A kowane matsayi, yatsunka biyu su iya shiga tsakanin taya da roba. In motar an sa mata tayoyin da suka fi na kamfani girma, a nan za ka gane. Tayar da take shafar roba kaɗan a tsaye, in ta faɗa rami ana cikin kwana cafke ta za ta yi.

In duk ukun sun yi, ka yi alama da alli a inda sauran ramukan za su zauna.

5. Huda, in ta kama

In ramukan roba sun haɗu da na mota, ka wuce mataki na shida. In shimfiɗaɗɗiya ce, robar za ka huda ta bi ramukan mota, ba mota za ka huda ta bi roba ba. Ka shimfiɗa ta a kan katako ka huda. In babu injin huda, ka ɗora ƙusa 'yar inci huɗu a wuta, ka riƙe ta da filaya, ka soka.  Ka dai yi a waje, hayaƙin ba shi da daɗi.

Sai in babu makawa za ka huda ƙarfen mota, kuma a leɓen da ya naɗe ciki kawai, inda ba a gani. Kafin ka kunna inji, ka zura hannu bayan wurin ka lalubo. A wasu motocin wayoyin wuta ko siririn tiyon ruwan wanke gilashi suna bi ta nan. Ka naɗa salatif a bakin huda, ka bar kamar santimita ɗaya a waje, don in ya ɓulla kada ya zarce. Ka fara da na milimita 3, sannan ka faɗaɗa da 6.5. Ka share garin ƙarfen, ka shafa fenti ko giris a bakin ramin. Ramin da aka bari tsirara a wurin da ruwa ke duka kullum, damina ɗaya ta ishe shi ya fara ja.

Shasi kuwa ba a huda shi don robar laka. Ko wani ya ce maka ba komai, ka nemi wata dabara.

6. Ɗaurewa

Ka sa dukkan sukurori da notoci su kama kaɗan-kaɗan kafin ka ɗaure ko ɗaya. In ka ƙulle na farko tam, na uku ba zai haɗu da raminsa ba. Kowane noti da wosharsa mai faɗi ta ɓangaren roba. Kan noti shi kaɗai ƙarami ne, da roba ta fara kaɗawa sai ya ratsa ta ya fita.

Shimfiɗaɗɗiyar roba ina yi mata ƙari: guntun ƙarfe falle, faɗin yatsu biyu, a huda shi daidai da ramukan, a ɗora a kan robar, notoci su bi ta cikinsa. Nauyin sai ya rarrabu a kan layin gaba ɗaya, maimakon ya taru a ramuka uku. Kowane mai walda zai yanka maka shi daga ragowar ƙarfe.

Sukurun da ke shiga cikin roba ko kilif, da ya tsaya ka ƙara kwata ɗin juyi ka bari. In ka matsa, zaren ramin ya cinye, sukuru ya yi ta juyawa a banza. In hakan ta faru, ka cire shi ka sa noti mai ratsawa da wosha gaba da baya. Inda noti ke kan ƙarfe, ka sa wosha mai tsaga ko noti mai roba a ciki, don girgizar hanyar burji tana kwance noti kamar da hannu.

Ka gama ɓangare ɗaya, ka auna tsayinsa daga ƙasa, ka maimaita wannan awon a ɗaya ɓangaren.

7. Baya

Tayar baya ba ta karyawa, don haka fili ya yi kaɗan. Da guntuwar sukudireba da haƙuri ana iya yi ba a cire taya ba. In hannunka bai shiga ba, ka sassauta notocin taya tun tana ƙasa, ka ɗaga da jak a wurin da littafin motar ya nuna, ka tura kututturen katako ko tsayayyen ƙarfe ƙarƙashin shasi, sannan ka cire. Kada kanka ko kafaɗarka su shiga rumfar taya mota tana kan jak kaɗai. Tayar da ka cire ma ka kwantar da ita ƙarƙashin motar.

A mafi yawan a-kori-kura robar baya a jikin wani ɗan ƙarfe take rataye, wanda ya haɗa gefen bodi da ƙasan akwatin kaya. In yana nan, ka miƙe shi in ya lanƙwashe, ka ɗaura. In ya ɓace, a lanƙwasa maka sabo da ƙarfe falle mai kaurin milimita 3, ka ɗaure shi da noti a ramukan da ke nan. Na fi son noti a kan walda, saboda tankin mai da bututunsa a nan kusa suke, kuma abin da aka ɗaure da noti ana iya kwance shi gobe.

Ka lura da bakin salansa. In yana hura wa robar kai-tsaye, za ta yi laushi, ta nannaɗe, ta ƙone a gefe. Ka bar tazarar aƙalla yatsu huɗu, ko ka yanke kusurwar da ke fuskantarsa.

8. Tsawon robar baya

Wannan na koye shi da kuɗina. Wata shekara na ɗaura wa motar wani dattijo manomi robobi dogaye masu kyau, suna kusa da taɓa ƙasa. Ya zagaya ya duba, ya ce, "Malam, aiki ya yi, kamar daga kamfani." Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo da robar hagu a hannu, da guntun ƙarfen bodi a maƙale jikinta, fenti ya tsage kamar an ɓare gwangwani. Ya loda taki, mota ta zauna, ya zo yin ribas a bakin kwalbati. Robar ta shiga tsakanin taya da kankare, taya ta taka ta ta ci gaba da juyawa. Ya ce, "Ɗana, ƙara kawai na ji, ɓas!" Ni na biya mai gyaran bodi.

Ga abin da ke faruwa. Hilux tana ɗaukar kusan tan ɗaya, wato buhun masara goma masu kilo ɗari-ɗari. Da wannan nauyin sifirin na baya yana kwanciya, bodi ya sauko, roba ta sauko tare da shi, taya kuwa tana inda take. Robar da ta yi daidai mota tana wofi, da lodi jan ƙasa take. Tafiya gaba ba matsala, baya take kaɗawa. Ribas ne ke tura ta ƙarƙashin taya.

Don haka ka yi awon ƙarshe da kaya a kai. In babu kaya, ka tara mutum biyar ko shida su hau baya su tsaya saitin taya. Ni ina barin santimita 15 tsakanin bakin roba da ƙasa a wannan hali, wanda yakan kama wajen 20 ko fiye in babu kaya. Motar da ke shiga gona, yashi ko kwazazzabo, ina ƙara mata. Gaskiya ne gajeriyar roba tana barin laka kaɗan ta wuce, amma tana nan a jikin motar.

Bayan haka ka sa hannu ka tura bakin robar gaba, wajen taya. In ya kai har inda taya ke haɗuwa da ƙasa, ta yi tsawo. Ka ja layi da alli, ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe, ka yanka da wuƙa a jiƙe da ruwan sabulu. Kada ka nemi yankewa a bugu ɗaya, ka bi layin sau uku ko huɗu. Ka ɗan zagaye kusurwoyin, sun fi wuyar kama abu.

9. Gwajin hanya

In ka cire taya, ka mayar, ka ɗaure notocinta a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen, ka ƙarasa ɗaurewa bayan ta sauka ƙasa. Ka tada mota, ka sauke gilashi, ka kashe rediyo. Ka karya sitiyari har ƙarshe ka yi gaba a hankali, ka yi baya, ka sake ta ɗaya ɓangaren. Ka haye tudun rage gudu a karkace. In ka ji "shuu-shuu" mai bin juyin taya, wani wuri na gogawa. Ka sauko ka duba cikin robar, za ka ga wurin ya yi sheƙi. Sau da yawa sassauta noti a ɗan matsar da ita ya wadatar, in bai yi ba a rage wurin da wuƙa.

In ba ka samu ta kanti ba

Tsohon bel na injin niƙa dutse ko na masana'anta, mai kaurin milimita 5 zuwa 6 da zare a cikinsa, ya fi yawancin robobin kanti ƙarko. Ana samunsa wurin 'yan gwangwan. Ka fara yanka kwali, ka gwada shi a mota har ya zauna yadda kake so, da ramukansa, sannan ka ɗora a kan bel ka zana. Na ɗaya ɓangaren, kifa kwalin kawai za ka yi. Tiyub ɗin babbar mota kuwa kada ka ɓata lokacinka: ya yi laushi, da mota ta ɗauki gudu iska za ta ɗage shi sama, laka ta wuce ta ƙarƙashi. Gefen tsohuwar taya yana da ƙarfi amma ba ya miƙewa, kullum a lanƙwashe yake.

In kilif ya ƙare maka a tsakiyar aiki, igiyar roba mai zugewa za ta riƙe na ɗan lokaci. Rana tana busar da ita ta karye, don haka ka canza ta da noti cikin makon.

Bayan kwana bakwai, ko bayan doguwar tafiya ta farko a hanyar da ba kwalta, ka bi notocin duka da sufana lamba 10, na taya kuma da sufanar taya in ka cire ta. Roba tana ɗan lotsawa a ƙarƙashin wosha, za ka tarar kowanne yana karɓar rabin juyi. In kana wanke mota da damina, ka riƙa sa ruwa ta bayan robar, wurin da ta haɗu da bodi, don laka tana taruwa a wannan lungun ta kwana da danshi.